Daga Hanyar Gwandu Zuwa Landan: Tafiyar Yaro Dorugu

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato a mota ya nufi Jega yakan ratsa Boɗinga da Shagari, ya faɗa Tambuwal tun rana ba ta yi zafi ba. Daga Tambuwal, in ya karkata kudu zai kai Kebbe, in kuwa ya dubi arewa, ga Gwandu nan kusa. A watan Mayu na shekarar 1853, daidai faɗuwar damina, wani ɗan ƙaramin ayari ya ratsa wannan yanki daga Sakkwato zuwa Gwandu. Uban tafiyar Bature ne ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdulkarim. Cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe, shekarunsa ba su wuce 13 ko 14 ba, ana ce da shi Dorugu. Shekara biyu da wata huɗu bayan wannan, yaron yana tafe a titunan Landan.

A yau, idan bazara ta shiga a Turai, samari da 'yan mata sukan rataya jaka a baya, su haɗu da 'yan'uwa da abokai, su yanki tikitin jirgin ƙasa guda ɗaya da zai kai su ƙasashe da dama. Tun 1972 ake sayar da irin wannan tikiti da sunan Interrail. Sukan kwana biyu a wannan birni, uku a wancan, su koma gida da hotuna da labari. Ba kasafai ake tuna cewa wani yaro Bahaushe ya yi irin wannan zagaye shekara 170 da suka wuce ba. Ya bi ta Malta da Marseille da Faris da Landan da Hamburg da Berlin, kuma labarin da ya bayar da bakinsa yana cikin tsofaffin bayanan biranen Turai da ake da su a harshen Hausa. Bambancinsa da masu yawon yau shi ne, kayan da ke kansa na wani ne, hanyar ma wani ne ya zaɓa. Abin da ya zama nasa shi kaɗai shi ne ido da harshe, da su kuma ya bar abin da ake karantawa har gobe.

Yadda aka raba shi da gida

An haifi Dorugu wajen shekarar 1839 ko 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wadda a lokacin take bin Borno. Zamani ne da hari ya yi yawa a wannan ƙasa. James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga mayaƙan sarki suna fita hari su dawo da bayi, har daga garuruwan da ke cikin ƙasar kanta. Irin wannan hari ne ya watsa gidansu Dorugu, ya raba shi da iyaye da 'yan'uwa. Aka kora shi gabas, daga hannu zuwa hannu, har Kukawa, babban birnin Shehun Borno Umar ɗan Alkanemi.

A Kukawa ya haɗu da Turawa. Gwamnatin Ingila ce ta turo ayarin mutum uku daga Tarabulus a watan Maris na 1850, don neman yarjejeniyar ciniki da sanin ƙasa: Richardson shi ne shugaba, sai Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. Overweg, wanda ake kira Tabib, shi ya ɗauki Dorugu aiki, daga baya ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin tafkin Chadi. Yaran biyu suka wayi gari da 'yanci, amma babu gidan komawa. Barth ma ya rage shi kaɗai cikin Turawan uku. Haka su ukun suka zama ayari guda: Bajamushe mai shekara 31, da Bamargi, da Bahaushe, kowannensu nesa da danginsa.

Hanyar yamma

A ƙarshen Nuwamba na 1852 suka bar Kukawa suka nufi Tambutu. Sun bi ta Damagaram da Katsina, a watan Afrilu na 1853 suka iso ƙasar Sakkwato, inda Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ke zaune a Wurno. Daga nan sai Gwandu, wurin Sarki Halilu ɗan Abdullahi ɗan Fodiyo.

Ƙasar da suka ratsa ba a kwance take ba. Tun 1849 Kabawa suka tayar a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, Zabarmawa da Dandawa suka mara musu baya. Garuruwan da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu sun zama na tsaron iyaka. Tambuwal kanta ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami kuma mawaƙi, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin. Matafiyi a wancan lokaci yana bukatar ganuwar da zai kwana a cikinta, da takardar sarki, da ɗan rakiya. Tafiya kuwa ba baƙuwar aba ba ce ga mutanen yankin. Fatake na bi da jakuna da takarkarai zuwa kasuwar Jega, wasu har Gwanja wajen goro, a ƙarƙashin madugu. Almajirai na yawo da allo da gafaka daga malami zuwa malami. Maniyyata na tashi da iyalansu a ƙafa su nufi gabas, su yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba. Kowace tafiya tana da zangonta da guzurinta da ladubbanta.

Sarki Halilu mutum ne mai kaɗaici da ibada, bai yarda ya ga Baturen ba. Amma a Gwandu ne Barth ya yi babbar tsintuwa: wani malami ya ara masa kwafin Tarikh al-Sudan, tarihin daular Songhai da birnin Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ta wannan hanya ce malaman Turai suka fara sanin littafin. Yayin da maigida ke duƙe a kan takardu, yaransa na can wajen raƙuma da dawaki, suna ɗebo ruwa, suna hura wuta, suna jin hirar zango. Makarantar Dorugu ke nan, kuma a cikinta ya koyi kallon gari: me suke ci, yaya suke gaisuwa, wa ke gaba, wa ke baya.

Sun haye Kwara a Sayi a watan Yuni, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Sun yi wata bakwai da ɗoriya a birnin da kewayensa cikin zaman ɗar-ɗar, domin mahukuntan Masina ba su son Kirista a garin, sai Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya tsaya musu. Tambutu da sunanta ya cika duniya, Barth ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 13,000, alhali ya ba Kano 30,000. Gani ya kori ji. A watan Agusta na 1854 suka sake ratsa Gwandu da Sakkwato a hanyar dawowa, suka wuce Kano, suka koma Kukawa a watan Disamba. A Turai kuwa tuni aka baza labarin cewa Barth ya mutu.

Wata uku a hamada, kwana tara zuwa Landan

A watan Mayu na 1855 Barth ya kama hanyar gida, yaran biyu na tare da shi. Sun bi tsohuwar hanyar Borno zuwa Fezzan, ta Bilma da Murzuk, a tsakiyar zafi. Hanya ce da aka daɗe ana kora bayi ta cikinta zuwa arewa, matafiya da yawa kuma sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suke tararwa a gefen rijiyoyinta. Dorugu ya bi ta a matsayin ɗa, amma ya san da ƙaddara ta ɗan karkata, da a cikin wancan layi zai bi ta.

Ranar 28 ga Agusta suka shiga Tarabulus, bayan fiye da wata uku a kan raƙumi. Ranar 6 ga Satumba suna Landan. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna abin da yaron ya shiga. Daga Tarabulus jirgin ruwa mai tururi ya kai su tsibirin Malta, wani ya kai su Marseille a kudancin Faransa, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa da su ta Faris zuwa gaɓar teku, suka haye zuwa Ingila. Wanda ya saba auna nisa da zango da rijiya, sai ga shi yana wuce garuruwa ta taga, bai san sunansu ba, bai sha ruwansu ba.

Turan da suka tarar tana cikin yaƙi da biki a lokaci guda. Ingila da Faransa da daular Usmaniyya na yaƙar Rasha a Kirimiya, Malta da Marseille kuma su ne mashigar sojoji da kayan yaƙi. Kwana biyu ko uku bayan isarsu Landan birnin Sebastopol ya faɗi. A Faris ana tsakiyar babban bajekolin duniya na 1855. Landan kuwa mutanenta sun haura miliyan biyu tun a ƙidayar 1851, wato Kanon da Barth ya ƙiyasta sau fiye da saba'in, ga hayaƙin gawayi, ga fitilun gas a tituna, ga kekunan doki ba iyaka.

A watan Oktoba Barth ya tafi da su Hamburg, garinsu, wurin mahaifinsa da 'yan'uwansa, daga nan suka je Berlin. A lokacin babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗe ta. Hamburg birni ne mai cin gashin kansa, Berlin kuma fadar sarkin Prussia. A Hamburg al'amari ya juya. A Katsina da Gwandu Barth ne baƙon da yara ke bi suna kallo, Dorugu na cikin masu harshen gari. Yanzu Barth ne ya dawo cikin dangi, Dorugu da Abbega suka zama abin kallo. Sun zauna a gidan da ɗa ya dawo bayan an fid da rai da shi, suka ga irin murnar da babu mai yi musu ita a Dambanas ko a ƙasar Margi.

Abin da idonsa ya kama

Mai karanta labarin Dorugu zai lura cewa bai tsaya yabon gine-gine ba, bai kuma ruɗe ba. Hankalinsa ya fi zuwa kan mutane: tufafinsu, abincinsu, zaman maza da mata, sanyin ƙasar da yadda suke fama da shi, da yawan shan tabar Jamusawa. Wurin da aka fi ambata a labarin shi ne bayaninsa na liyafar cin abincin dare a gidan Ingilishi, wadda ya bi daki-daki kamar mai koya wa wanda zai je gobe. Al'adar masu hali ce a Ingila ta wancan zamani a shiga ɗakin cin abinci bibbiyu, namiji ya riƙo matar wani, a zauna a cakuɗe, barori su riƙa kawo abinci kashi-kashi, kowane kashi da faranti da wuƙa da cokalinsa, in an gama mata su tashi su bar maza a tebur. Ga yaron da ya tashi inda maza ke cin tuwo a zaure mata a cikin gida, kowane mataki a nan abin lura ne, ya kuwa lura.

Abin da ya ba wannan bayani daraja shi ne inda mai maganar ya tsaya. Barth ya shiga kasuwar Kano ya ƙirga, ya tambayi farashi, ya rubuta wa mutanensa yadda Hausawa ke rayuwa. Dorugu ya yi wa Turawa irin wannan aiki. A bakinsa al'adar Hausa ce ma'auni, ta Bature ce baƙuwa mai bukatar a fassara ta. Ya yi haka kusan shekara hamsin kafin sojojin Lugard su shiga Kano da Sakkwato a 1903, wato kafin mulkin mallaka ya koya wa mutane duban Bature daga ƙasa. Babu tsoro a muryarsa, babu kuma fadanci. Yaro ne da ya riga ya ga Kukawa da Kano da Tambutu, Landan ta zo masa a matsayin gari na gaba a jerin garuruwa.

Bakin wani, sunan wani

Barth ya yi niyyar mayar da yaran gida, har ya shirya musu hanya. Sai wani ya shiga tsakani: James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya bi ayarin Kwara na 1841, ya kuma wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Schön ya daɗe yana neman Bahaushen da zai zauna da shi, ga shi Allah ya kawo har gida. Ya karɓi yaran ya kai su gidansa a yankin Kent, abin da ya jawo ɓacin rai tsakaninsa da Barth. A can aka yi musu baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya koma Afirka a 1857. Dorugu ya zauna har 1864.

A waɗannan shekaru Dorugu na magana, Schön na rubutawa da haruffan boko: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da kalmomi, da yadda ake ƙulla jimla. Da wannan taimako Schön ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu ya fito. Faransa ta ba Schön lambar Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Ya ambaci Dorugu a cikin littattafan, amma sunan da ke bango nasa ne.

Rubutun Hausa bai fara daga nan ba. A ranar da Dorugu ya ratsa ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye tana rubuta waƙoƙi da ajami, malaman Gwandu na kwafar littattafai. Amma dogon zube na Hausa da boko, wanda mutum ke ba da labarin kansa da harshen yau da kullum, tushensa yana komawa ga wannan yaro na Damagaram. Turawan da suka zo mulki daga baya sun koyi Hausa da waɗannan littattafai. Harshen yaron da aka sayar a kasuwa ya zama tsanin da masu mulki suka taka, shi kuwa bai san za a yi haka ba. Sai a 1971 malamai biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fitar da labarin da Ingilishi a matsayin na Dorugu, da sunansa a gaba.

Komowa

Abbega ya zauna a Lokoja, ya yi wa Turawa tafinta, a ƙarshen ƙarnin kuma aka naɗa shi sarkin garin. Ta wurinsa labarin ya sake dawowa kusa da Tambuwal: jikansa shi ne Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa aiki a lokacin cin ƙasar Arewa, ya zama Sarkin Askira a Borno, ya kuma bar nasa tarihin rayuwa da Hausa. Labarinsa ne na biyu a littafin Kirk-Greene da Newman.

Dorugu ya dawo ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912. 'Ya'yan sarakuna da malaman da suka koyi a, ba, ca a hannun wannan tsoho suna gaban mutumin da ya ga Landan tun kafin a haifi Lugard, wanda aka haifa a 1858.

Waɗanda suka bi sawunsa sun tafi a wani matsayi dabam. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 da iyalinsa da fadawansa, ya gana da Sarki George na Biyar, ya wuce Makka. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usmanu suka tafi tare. A 1943 Abubakar Imam ya je cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Dukkansu baƙin gwamnati ne, an tsara musu abin da za su gani da wanda za su gaisa da shi. Dorugu ba wanda ya tsara wa komai, domin ba wanda ya zaci yana kallo. Ta ƙofar baya ya shiga, inda barori ke tsayawa, daga nan kuwa ana ganin abin da ba a nuna wa baƙon sarki.

Hanyar a yau

Turai ta sauƙaƙa wa 'ya'yanta yawo. Yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995, ta ɗauke shingen iyaka tsakanin yawancin ƙasashenta, shi ya sa ɗalibi zai karya kumallo a Faris ya kwana a Berlin. Likita ko lauya ko malamin jami'a daga Tambuwal ko Kebbe da ke son ya kai iyalinsa irin wannan zagaye sai ya nemi biza, ya kawo bayanan asusun banki da shaidar aiki da hujjar cewa zai dawo, in kuma Landan na cikin lissafi, ya nemi wata bizar dabam. Waɗanda ba su da waɗannan takardu, wasunsu na bin hamada ta Agadas da Dirku zuwa Libiya. Dirku na cikin Kawar, kusa da Bilma, a kan hanyar da Dorugu ya bi a 1855, hamadar kuma ba ta daina cin mutane ba.

Masu samun bizar ba su da yawa, amma sun fi na kowane zamani da ya wuce, kuma yawancin abin da suke dawowa da shi hotuna ne a waya. Yaron Dambanas bai da tikiti, bai da dangi, bai iya riƙe alƙalami ba a lokacin da ya fara ba da labarinsa. Duk da haka ya dawo da bayanin da ya gaya wa Bahaushe, da Hausa, yadda waɗancan mutane ke ci da zama da gaisuwa, ya auna su da mudun gidansu. Littafin Barth mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, yana nan a manyan ɗakunan karatu, masu binciken tarihin Sakkwato da Gwandu na buɗa shi kullum. Labarin yaron da ya bi shi a baya da kaya, ɗaliban Hausa kaɗan ne suka taɓa riƙe shi a hannu, ko da a garuruwan da ya ratsa sau biyu.